Awakina sun ƙare bayan na sayo biyu a kasuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Awaki tara gare ni. Na sayo biyu a kasuwar ƙauye na haɗa su da nawa. Ba a rufa mako ba sai majina, kwantsa ta liƙe musu ido, baki ya yi gyambo yana wari, ga zawo. Biyar sun mutu. Alhali bara mai yawo da magani a babur ya yi musu allura. Me ya faru?
Wata mai kiwo, Malumfashi

AMSA: Wa'alaikumus salam. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Awaki biyar a hannun mace ba ƙaramar dukiya ba ce, wani lokaci su ne kayan ɗakin 'ya.

Alamomin nan sun yi kama da annobar awaki da tumaki da muke kira PPR, ƙanwar cutar bushiya da ta riƙa share garken shanu kafin a kawar da ita daga duniya a 2011. Takan yi kwana huɗu zuwa shida a jiki ba ta nuna kanta ba. Shi ya sa akuya za ta tsaya garau a kasuwa alhali da ciwon take tafe.

Batun allurar bara kuwa, nan ne na fi jin takaici, don kullum sai na ji shi. Ba kowace allura ce rigakafi ba. Abin da masu babur suka fi tsirawa shi ne taramaisin, kuma ba ya taɓa ƙwayar wannan cuta. Rigakafin gaskiya busasshe yake zuwa a 'yar kwalba, cikin kula mai ƙanƙara. A gabanki za a narka shi, a yi amfani da shi cikin kamar awa biyu. In kin ga an zaro kwalba daga aljihu bayan ta yini a rana, kada ki biya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin sa, kuma allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Kwalba guda ta ishi dabbobi da yawa, don haka ki haɗa kai da maƙwabta ku je asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. 'Yan awaki sai sun kai wata huɗu kafin a yi musu rigakafin.

Yanzu dai ki ware marasa lafiyar, da kwanon ruwansu daban. Ki riƙa goge musu ido da hanci da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ki dama musu dusa ruwa-ruwa tunda bakin ba ya iya harawa. Likita zai ba su maganin da zai tare ciwon huhun da ke biyo baya. Wadda ta tashi ba ta sake kamuwa. Gawa a binne ta, kuma don Allah kada a kai mai ciwo kasuwa.

In kin sake sayo akuya, ki kafa mata turke can gefe, ta yi mako uku ita kaɗai kafin ta shiga cikin sauran.