Wa ya ba alƙalan Amurka ikon soke dokar majalisa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne. An koya mana cewa shari'ar Marbury da Madison ta 1803 ce ta ba kotu ikon soke dokar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Kafin nan babu wannan iko ke nan?

Amsa: Akwai shi, sai dai bai zauna da gindinsa ba. Mu a Najeriya sashe na 1(3) na kundin 1999 ya faɗa ƙarara cewa duk dokar da ta ci karo da kundin ba ta da tasiri. Kundin Amurka na 1787 kuwa bai ce wa ke da ikon soke doka ba, kotunan jihohi ne suka fara gwadawa.

A Rhode Island a 1786, wani mahauci, John Weeden, ya ƙi karɓar kuɗin takarda da jihar ta buga a cinikin nama. Doka ta ce a hukunta irinsa ba tare da juri ba, wato talakawan da ke zama su yanke hukunci. Alƙalai suka ƙi hukunta shi. Majalisa ta kira su ta yi musu titsiye, daga baya yawancinsu suka rasa kujerunsu. A 1787 kotun North Carolina, a shari'ar Bayard da Singleton, ta yi watsi da wata doka a kan wannan batu na juri. A 1788 Alexander Hamilton ya kare wannan iko a maƙala ta 78 ta Federalist, jerin maƙalun da aka rubuta don goyon bayan sabon kundin.

Abin da John Marshall, alƙalin da ya rubuta hukuncin Marbury, ya ƙara shi ne dabara. Shugaba John Adams ya sha kaye a zaɓen 1800, ya yi ta naɗa mutanensa kafin ya sauka. Takardar naɗin William Marbury ba ta kai gare shi ba, kuma Marshall ɗin ne sakataren harkokin waje da ya kamata ya aika ta! Gwamnatin Thomas Jefferson, wanda ya gaji Adams, ta riƙe takardar, Marbury ya kai sabon sakataren harkokin waje, James Madison, ƙara Kotun Ƙoli kai tsaye.

Marshall, wanda a lokacin ya zama Babban Joji, ya san ko ya ba da umarni, Jefferson zai yi kunnen uwar shegu. Sai ya ce Marbury na da gaskiya, amma sashe na 13 na dokar kotuna ta 1789, wanda ya buɗe masa ƙofar Kotun Ƙoli, ya saɓa wa kundin, don haka kotu ba ta da hurumi. Marbury ya tashi a tutar babu, Jefferson kuma ba a umarce shi da komai ba balle ya bijire. A ganina wannan ne ya sa hukuncin ya tsira.

Kada ka zaci daga nan kotun ta shiga soke dokoki. Ba ta sake soke dokar tarayya ba sai 1857, a shari'ar Dred Scott, inda ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne.