Amsa: Sautin tsohon fiyano a kwamfuta

Ɗan'uwa, ka ce kana son sautin fiyanon zamanin Mozart a situdiyonka na Agege, amma kwamfutarka ba ta da ƙarfi.

Manhajojin sautin fiyano iri biyu ne. Wasu naɗaɗɗen sautin fiyanon gaske ne, suna cin gigabait da yawa, ga tsadar data. Ɗaya irin kuwa, kamar manhajar Pianoteq, lissafa sautin take yi, ba ta kai megabait 100 ba, kuma tana da fiyanon Walter, wani maƙerin fiyano na zamanin Mozart. Ita ta fi dacewa da kai.

In ka ji sautin siriri, yana mutuwa da wuri, ba lalacewa ba ce. Haka na asalin yake, ginin katako ne.

Idan sauti na makara, saka ASIO (direban sauti na Windows mai rage jinkiri), mayar da bafa (girman ma'ajin sauti na wucin gadi a cikin saiti) zuwa 128. In ya ƙi, mai gyara a Ikeja ya duba katin sautinka.