Me ya sa boris ɗin tayar injin yankan ciyawa ke yawan mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da injin yankan ciyawa irin wanda ake tura shi da hannu. A daminar nan sau uku ke nan ina canza boris ɗin tayar baya ta dama. Da an yi sati biyu ko uku sai tayar ta fara kuka tana rawa, in na kwance sai in tarar ƙwallayen ciki sun watse. Sauran tayoyin lafiya lau. Ko jabu ake sayar mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma tunda taya ɗaya ce tak ke cin boris, ni na fi zargin mazauninsa. Kafin ka sake kashe ko sisi, cire wayar fulogi don kada injin ya tashi, ka kwance tayar, ka goge shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da tayar ke juyawa a kai, tas da tsumma.

Sai ka bi shi da farce. Wurin da boris ke zama ya kamata ya kasance sumul. Idan farcenka ya ci karo da ɗan gurbi ko tudu, to boris ɗin farko da ya ƙame ya riga ya cinye ƙarfen, kuma duk sabon da ka sa zai riƙa wasa a kai har ya bi sahun ɗan'uwansa. Zura sabon ka jijjiga: in ka ji ƙwas-ƙwas, shaf ɗin ya gama aiki. Haka ma in ya lanƙwashe saboda faɗa wa rami ko dukan dutse. Ɗora rula ta ƙarfe a jikinsa, za ka hango haske ta ƙarƙashi. Irin wannan canza shi ake yi. Ban ba ka shawarar miƙe shi da guduma ba.

Akwai kuma batun awo, wanda ke yaudarar mutane da yawa. Injunan Amurka galibi da inci ake auna su, boris ɗin da ya cika shaguna kuwa na milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, ramin boris mai lamba 6001 kuma milimita 12. A ido kamar ɗaya suke. Boris mai ramin rabin inci a kan shaf na milimita 12 zai shiga salin-alin, amma da sarari a tsakani, kuma wannan sararin ya isa ya kashe shi. A auna da abin awo, kada a tsaya ga kwatance.

Idan tayar mai boris biyu ce, leƙa tsakaninsu. Yawancinsu akwai ɗan gajeren bututun ƙarfe a wurin, kuma sau da yawa yakan faɗi ya ɓace a gyaran farko. In babu shi, ɗaure noti na matse ƙwallayen ta gefe, su yi zafi su farfashe. Bayan ɗauri, tayar ta juya da hannu sakayau, ba tare da rawa ba.

Wajen sakawa cikin taya, zoben boris na waje kaɗai ake dannawa, da soket mai faɗinsa. Duka ɗaya a zoben ciki na barin tabo a hanyar ƙwallayen tun kafin injin ya taka ciyawa.

Tunda damina ce, nemi mai alamar 2RS, wato mai murfin roba gaba da baya, domin ya fi mai ZZ, wato mai murfin ƙarfe, tare ruwa da laka. Kada ka harba ruwa mai ƙarfi a cibiyar taya lokacin wanki, yana tura datti ciki ya wanke giris. Kuma duk bayan aiki ka zare ciyawa da zaren buhu da suka naɗe a bayan tayar, su ne ke yanka robar. In duk waɗannan sun fito lafiya, duba ramin tayar kanta: idan boris na faɗowa da kansa ba sai an fitar da shi ba, tayar ce za ka canza.