Ƙarin Awannin Aiki ko Ajin Jamusanci? Amsa ga Wani Ɗan'uwa a Hambug

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini daga birnin Hambug na ƙasar Jamus, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Shekararsa huɗu a can, yana da izinin zama wanda ya ba shi damar aiki, kuma yana lodin kaya a wani katafaren sito ta hannun kamfanin da ke ba da hayar ma'aikata. Yana da difloma ta aikin lantarki daga gida, amma har yau ba ta amfane shi da komai ba. A wurin aiki Turanci da nuni da hannu sun wadatar da shi, a masauki kuwa Hausa yake yi da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna Kano, mahaifiyarsa da ƙannensa kuma suna jiran saƙonsa kowane ƙarshen wata. Tambayarsa ita ce: shin ya rage awannin aiki ya shiga ajin Jamusanci, alhali hakan zai rage abin da yake aikawa gida, ko ya ci gaba da tara abin da ya samu tunda dai ba a hana shi aiki ba?

Malam, Allah ya ƙara rufin asiri. Amsata ita ce ka shiga ajin, kuma ka shiga a wannan shekarar. Amma ba zan ɓoye maka tsadarsa ba, domin wanda ke ciyar da gida biyu ba a ba shi shawara da daɗin baki.

Kwas ɗin da gwamnatin Jamus ke tallafawa, wanda ake kira Integrationskurs, darasi 600 ne na harshe da darasi 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasa, kowane darasi minti 45. Mai biya daga aljihunsa yana ba da Yuro 2.29 a kan kowane darasi, wato kimanin Yuro 1,600 gaba ɗaya, kodayake akan yafe wa mai ƙaramin ƙarfi idan ya nema. Babbar asarar tana ga lokaci. Darussa 700 ɗin nan awa 525 ne na agogo, kuma ko da an auna su da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke daga Janairun 2026, Yuro 13.90 a awa, sun kai kusan Yuro 7,300 kafin a cire haraji. Wannan shi ne abin da ka hango ya sa ka jinkiri, kuma lissafinka bai yi kuskure ba. Inda ya gaza shi ne bai haɗa da abin da rashin harshen ke ci maka kowane wata ba tare da ka gani ba.

Aikin da ba ya bukatar magana shi ne aikin da kowane sabon zuwa zai iya yi a makonsa na farko, saboda haka albashinsa yana manne da ƙasa, kuma mai yin sa shi ake fara sallama idan kasuwa ta ja baya. A sito ɗaya za ka ga mai lodi, da mai tuƙa motar ɗaga kaya, da mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da shugaban rukuni. Sau da yawa ba ƙarfi ko hazaƙa ce ta raba su ba, wanda zai iya karanta takardar kaya, ya amsa wayar direba, ya rubuta rahoto idan an yi ɓarna, shi ake ɗagawa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarkon yana ɗaure kansa da kansa: rashin harshe ya kai mutum aikin dare da aikin karɓa-karɓa, aikin kuma ya cinye lokaci da ƙarfin da zai koyi harshen da su. Haka shekara huɗu ke zama goma.

Ba baƙon abu ba ne a gare mu. A gida ma mun san ɗalibi mai kaifin lissafi da aka hana shiga jami'a saboda bai sami kiredit a Turanci ba, mun san ɗan kasuwar Kantin Kwari mai juya miliyoyi da Hausa wanda sai ya nemi mai cika masa fom a banki. Abin da Turanci ya yi mana a can shi Jamusanci yake yi a nan, sai dai a nan an rubuta shi ƙarara a cikin doka.

Dubi takardu. Izinin zama na dindindin, a bisa ƙa'idar da ta shafi yawancin mutane, yana bukatar shekara biyar da izinin zama, da gudummawar fansho ta wata 60, da abin dogaro da kai, da Jamusanci matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe wanda kwas ɗin nan yake kai mutum. Tun ranar 27 ga Yunin 2024 ana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar a maimakon takwas, kuma ba sai mutum ya ajiye fasfonsa na asali ba, amma B1 ɗin yana nan daram. Kai da ka cika shekara huɗu, shekara guda ta rage ka kai bakin ƙofar, kuma zai zama abin baƙin ciki a ce ka biya haraji da fansho duk wannan lokaci sannan takardar jarrabawa guda ta tsayar da kai.

Akwai kuma asarar da ba a lissafa ta, wadda take zuwa a cikin ambulan. Jamus ƙasar wasiƙa ce, kuma kowace wasiƙa tana da wa'adi. Wanda aka kora daga aiki yana da mako uku kacal ya shigar da ƙara a kotun ma'aikata, in ya wuce haka korar ta zauna ko da ba bisa ƙa'ida aka yi ta ba. Hukuncin da wata hukuma ta aiko, galibi wata guda ake da shi a ƙalubalance shi. Mafi haɗari ita ce takardar da ake kira Aufhebungsvertrag, wato yarjejeniyar rabuwa da aiki bisa yardar juna: wanda ya sa mata hannu yana zaton shaidar karɓar wasiƙa ce, yana iya rasa kuɗin rashin aikin yi har tsawon mako 12. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun kafin harshenka ya nuna, ka ɗauki ƙa'ida guda: kada ka sa hannu a kan abin da ba ka fahimta ba a tsaye, ka ce za ka tafi da ita gida ka duba. Ofisoshin ba baƙi shawara na ƙungiyoyi irin su Caritas da Diakonie da AWO suna karanta irin waɗannan takardu kyauta, kuma su ne za su duba maka ko ka cancanci a yafe maka kuɗin kwas.

Har kuɗin da kake aikawa gida yana da alaƙa da wannan. Dokar haraji ta Jamus ta yarda a rage wa mutum haraji saboda ciyar da iyaye ko mata mabukata da ke wata ƙasa, idan ya cika takardar shaida ya kuma nuna hujja, kuma daga 2025 sai kuɗin da aka tura ta banki ake karɓa. Ƙanne ba sa cikin wannan rangwame, amma mahaifiya tana ciki. Da yawa daga cikin mutanenmu ba su taɓa cika takardar harajin shekara ba saboda tsoron harshenta, alhali wanda ba dole ne a kansa ba yana da damar komawa baya har shekara huɗu ya nemi abin da aka cire masa fiye da ƙima.

Batun diflomarka kuwa, tun 2012 akwai dokar da ta ba kowa haƙƙin a auna takardar sana'arsa ta waje da takwararta ta Jamus. Ƙila a amince da wani sashe a ce ka cike gibin da ya rage, ƙila kuma ya fi maka sauƙi ka shiga Ausbildung, koyon sana'a da ake haɗa aiki da makaranta ana biyan mutum. Ko wanne ka bi, ba mai barin ka kusa da allon wutar gini in ba ka iya karanta ƙa'idojin kariya, shi ya sa B1 mafari ne kawai, B2 da ke samansa ne matakin da ya kamata ka sa a gaba. Ƙasar tana fama da ƙarancin masu aikin lantarki, kai kuma kana da hannu da ilimin, abin da ya rage harshe ne.

Yanzu sai mu zo gida, wanda na san shi ne ainihin nauyin da ke zuciyarka. Ban ce ka yanke saƙo ba, haƙƙin mahaifiya da na iyali ba abin wasa ba ne. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ware wajibi daga abin da ya zama al'ada. Abincin gida, kuɗin makarantar yara da maganin Hajiya su tsaya yadda suke. Gudummawar biki, da sabuwar wayar ƙane, da bulon ginin da ba a matsu da shi ba, su jira shekara guda. Kada ka rage a ɓoye su wayi gari su ga saƙo ya ragu, domin nan ne zato ke shiga, a ce ka manta da gida ko ka yi wani aure. Ka kira Hajiya da kanka, ka gaya mata cewa karatu za ka shiga wanda takardunka suka rataya a kansa, ka faɗi watan farawa da watan gamawa, ka nemi addu'arta. Uwa ta fi kowa fahimtar cewa irin shuka ba a dafa shi, kuma idan ta amince, bakin sauran zai mutu.

Uwargidanka ma maganar ta shafe ta. Matar da za ta biyo mijinta Jamus galibi sai ta nuna shaidar Jamusanci matakin A1, wato matakin farko, kafin a ba ta biza, kuma cibiyar Goethe da ke Legas tana shirya wannan jarrabawa. Daga Kano wannan tafiya ce mai cin kuɗi, saboda haka ta shirya sosai kafin ta je. Tashar DW da makarantun manya na Volkshochschule suna da darussa kyauta a intanet waɗanda waya ta isa a bi su. Ku riƙa yin darasi ɗaya kuna yi wa juna tambaya idan kun yi waya da dare. Idan Allah ya kawo ta, kada ka bari ta tsaya a A1 ta zauna a ɗaki, har ya zama yaro ɗan shekara tara ne ke yi mata tafinta a gaban likita.

Yaran kuwa makaranta za ta ba su Jamusanci cikin ɗan lokaci, Hausa ce ba mai ba su sai ku, don haka a gida ku riƙe ta. Ita ma tana da kasuwa a Jamus: asibitoci, kotuna da hukumar kula da 'yan gudun hijira suna neman masu tafinta, kuma wanda ya haɗa Hausa da Jamusanci mai ƙarfi ba shi da abokan takara da yawa.

A wannan makon ka je ofishin shawara mafi kusa da kai da fasfonka, da katin izinin zamanka, da takardun albashin wata uku, ka nemi a yi maka gwajin sanin mataki, domin bayan shekara huɗu kunnenka ya riga ya ɗauki abin da zai iya sa a tsallake maka wasu darussan farko. Sannan ka nemi ajin yamma ko na ƙarshen mako, ka kai wa kamfaninka jadawalin a rubuce, ka roƙi a tsayar da kai a aikin safe har ka gama.