Tsakanin 1983 da 2025, wanne ya fi yi wa magoya bayan Houston ciwo?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya cewa a duk faɗuwar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar Houston ta yi a gasar March Madness, wato gasar cin kofin jami'o'in Amurka, wacce ce ta fi zafi, kuma wai me ya sa har yanzu wasu ke ɗora wa ɗan wasanta Emanuel Sharp laifin wasan ƙarshe na 2025, bari in ba ka amsa gwargwadon abin da na gani, don a garin nake zaune kuma na jima ina bin yaran nan.

Da farko dai ba kowace faɗuwa ce ke ciwo ba. Akwai wadda ƙarfi ne kawai aka fi ka, ka yi haƙuri ka koma gida. Irin ta 1968 ke nan da UCLA ta ba su 101 da 69 a wasan kusa da na ƙarshe, duk da cewa a watan Janairun shekarar Houston ɗin ce ta doke su 71 da 69 a Astrodome lokacin Elvin Hayes. Haka 1984 da Georgetown ta Patrick Ewing ta ci 84 da 75, haka 2021 da Baylor ta gama da mu tun kafin hutun rabin lokaci aka tashi 78 da 59. Waɗannan ba sa hana ni barci gaskiya. Wadda ke cin rai ita ce wadda wasa yana hannunka, ka riga ka fara tunanin murna, sai ya suɓuce.

Dattawan da suka ga 1983 da idonsu ba sa yarda a haɗa ta da komai, ni kuma a YouTube na kalla amma na fahimci dalilinsu. Lokacin ne na Phi Slama Jama, laƙabin da aka yi wa ƙungiyar Houston ta wancan zamani, ga Clyde Drexler ga ɗan Legas Hakeem Olajuwon, wanda a lokacin Akeem ake rubuta sunansa, sun ci wasa 26 a jere, sun yi wa Louisville 94 da 81 a wasan kusa da na ƙarshe, kowa ya ɗauka kofi ya riga ya shigo gida tunda NC State da za a kara da su da ƙyar ma suka samu shiga gasar. Sai ga Drexler ya kwashi fawul huɗu tun kafin hutu, NC State na gaba 33 da 25. Da aka dawo Houston suka zuba maki 17 su kuma 2 kacal, wasa ya juya 42 da 35, to a nan ne koci Guy Lewis ya ce a rage gudu a riƙa jan lokaci, alhali yaran nan gudu da tsalle ne abincinsu. Wasu suna kare shi da cewa garin Albuquerque a kan tudu yake iska ba ta isa, Hakeem har sai da aka sa masa abin shaƙar iska a benci, kuma gaskiya ne, amma ni dai ina ganin jan wasan nan shi ya ba kocin NC State Jim Valvano dama, ya sa yaransa su riƙa yin fawul da gangan don ya san jifan fawul ne raunin Houston. Alvin Franklin na Houston ya ɓarar da nasa ana 52 da 52, Dereck Whittenburg na NC State ya wurga ƙwallo daga nesa ko ƙarfen kwandon ba ta kai ba, abokin wasansa Lorenzo Charles da ke tsaye a ƙasa ya cafe ta a sama ya danna, 54 da 52. Hakeem ya ci maki 20 ya kwaso ƙwallo 18 a daren, shi aka ba gwarzon gasar duk da ƙungiyarsa ce ta faɗi, kuma tun daga shi ba a sake ba wani ɗan ƙungiyar da ba ta ci kofi ba. Abin da ke ƙara wa dattawa takaici shi ne duk watan Maris sai gidajen talabijin sun sake nuna Valvano yana gudu a fili yana neman wanda zai runguma, wato ba a barin su su manta.

Ta farko da ni na ɗanɗana ita ce 2018 da Michigan. Sai ka tuna fa tun 1984 Houston ba ta ci wasa ko ɗaya a gasar ba sai a wannan shekarar da Rob Gray ya zuba wa San Diego State maki 39, koci Kelvin Sampson ya ɗauko ƙungiya daga ƙasa yana ginawa. Muna gaba 63 da 61 saura ƙasa da daƙiƙa huɗu, Devin Davis namu ya tsaya jifan fawul biyu duka suka ƙi shiga, Jordan Poole na Michigan yaro ɗan shekarar farko ya karɓi ƙwallo can nesa ya jefa ƙafafu a warwatse ta faɗa. A ɗakin wani abokina muke kallo, ɗaya daga cikinmu ya riga ya miƙe yana saka takalmi zai fita murna, haka ya koma ya zauna da takalmi ɗaya a ƙafa bai ce uffan ba har muka watse.

Daga nan kusan kowace shekara da nata. 2022 Villanova 50 da 44, jifan maki uku 20 ɗaya tak ya shiga. 2023 Miami ta fitar da mu, kuma a shekarar a cikin garin Houston aka yi Final Four, wato zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, muka zama 'yan kallo a gidanmu. 2024 kuwa ba na kiranta faɗuwa sosai, Jamal Shead ne ya gurɗe a idon sawu tun kafin hutu muna gaban Duke, shi ne zuciyar ƙungiyar, bai dawo ba aka tashi 54 da 51, wannan ƙaddara ce.

To amma in amsa maka kai tsaye, a wurina 2025 ta fi duka, har da 1983. Dalili na farko kwana biyu kafin nan mun ga abin da ya sa muka yarda cewa lokaci ya yi. Duke ta Cooper Flagg tana gabanmu da maki 14 saura kamar minti takwas, tana gaba da shida saura ƙasa da minti ɗaya, yaran nan suka ƙi mutuwa suka ci 70 da 67. Wasan ƙarshe kuma a San Antonio, tafiyar awa uku a mota, jama'ar gari suka yi ɗango suka cika filin wasa na Alamodome da jajayen riguna. Ranar 7 ga Afrilu aka kara da Florida, mun riƙe tauraronsu Walter Clayton bai ci ko maki ɗaya ba kafin hutu, bayan an dawo muka ba su tazarar 12, 42 da 30. Duk tsawon wasan nan Florida ba ta yi jagoranci ya kai minti biyu ba wallahi, amma su suka ɗaga kofi 65 da 63. Dalili na biyu shi ne wanda ya fi tsaya min a wuya, a 1983 jifa aka yi mana ta shiga, a 2018 ma haka, amma a 2025 ƙwallo tana hannunmu saura daƙiƙa goma sha wani abu, maki biyu a yi kunnen doki uku a ci kofi, kuma ko jefawa ba mu samu yi ba. Da an jefa ta bugi ƙarfe ta fito da sauƙi, sai ka ce ba rabo.

Sai maganar Sharp. Don Allah ka koma ka kalli daƙiƙun nan a hankali. Ya karɓi ƙwallo a saman layin maki uku ya tashi zai jefa, Clayton ya taso masa da gudu hannu a sama, in ya jefa za a tare, in ya sauko da ita a hannu rafali zai busa ya yi tafiya da ƙwallo, sai ya sake ta ƙasa, kuma doka ta hana shi ya zama na farkon taɓa ta, shi ya sa ka gan shi yana tsaye a kanta yana kallo tana tsalle har Alex Condon na Florida ya faɗa mata lokaci ya ƙare. Mutane suna ganin hoton suna cewa tsoro ne ya kama shi, ba tsoro ba ne, doka yake gudu yana jiran ɗan'uwansa ya zo ya ɗauka. E, kafin wannan ma ƙwallo ta kuɓuce masa ta fita waje saura kusan daƙiƙa 26, ban musa ba. Amma wa ya jefa maki ukun da ya dawo da mu wasan Duke ana 67 da 61? Shi ne. Ba don shi ba ranar Litinin ɗin a gida za mu kalli Duke da Florida. Kuma tazarar 12 ba mutum ɗaya ne ya zubar da ita ba, ƙungiyar gaba ɗaya ce ta daina samun kwando, aka yi ta fawul ana ba Florida jifa a sauƙaƙe, Will Richard nasu kuma tun kafin hutu shi ya riƙe su da jifan nesa.

Wanda na fi tausaya wa shi ne J'Wan Roberts da ya shekara shida a ƙungiyar, da shi kansa Sampson mai shekara 69 a lokacin, mutumin da ya samu filin wasa ba kowa a 2014 ya kai mu inda muke. Da wannan zuwa Final Four na bakwai ke nan Houston ta yi ba kofi, uku daga ciki har wasan ƙarshe. In ka tambayi wanda ya haura sittin zai ce maka 1983 kuma ba zan ja da shi ba, amma ni na 2018 na iya sake kallonsa daga farko har ƙarshe, na Florida kuwa da an kai saura minti biyu nake kashewa.