Amsa: ORA-00942 bayan ɗora gyaran Fatoora

Malam, wannan ORA-00942 (saƙon kuskuren da manhajar rumbun bayanai ta Oracle ke bayarwa in ba ta ga teburin bayanai ba) da ka ce yana fito muku a ofishinku na Jidda tun da aka ɗora gyaran Fatoora (tsarin rasitin lantarki na Saudiyya), kada ka yi saurin cewa teburin ya ɓace. Oracle saƙo ɗaya take bayarwa, ko teburin babu shi, ko yana nan amma ba a ba ka izinin ganinsa ba. Ni na fi zargin na biyun.

Ka sa mai kula da rumbun bayananku ya nemi sunan teburin a DBA_OBJECTS, wato jerin duk abubuwan da ke cikin rumbun. In ya fito, a duba asusun da ya mallake shi, da ko an yi masa SYNONYM, wato laƙabin da ake kiransa da shi.

Ga inda ake yawan tuntuɓe: izinin da aka bayar ta ROLE (tarin izini da ake ba asusu a dunƙule) yana aiki in ka rubuta tambayar da hannunka, amma galibi ba ya aiki a cikin PROCEDURE (jerin umarni da aka ajiye a rumbun). Sai an yi GRANT, wato an ba da izinin kai tsaye ga asusun da ya mallaki PROCEDURE ɗin.

In kuwa sunan bai fito ba, mai yiwuwa an baro teburin a na'urar gwaji ne. Ku kwaso shi ranar Asabar da ba kowa a ofis, sannan a kunna utlrp.sql, fayil ɗin Oracle da ke sake haɗa abubuwan da suka daina aiki a rumbun.