Tambayi likita: ɓeraye, kumburin hanji da kansar babban hanji

Tambaya: Likita ni ɗalibi ne, a aji aka ce mana wai da ɓeraye ake binciken kansar hanji. Ina ruwan ɓera da cutar mutum?

Amsa: Ƙanina akwai ruwansa kuwa. A 1990 a Jami'ar Wisconsin ta Amurka aka samu wani ɓera da ake ce wa Min, wanda ƙwayar gadonsa mai suna APC ta lalace. Ita APC aikinta taka wa ƙwayoyin bangon hanji birki kar su yi ta hayayyafa, kuma biyu ake gada, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Toh shi wannan ɓeran da guda ɗaya mai lafiya aka haife shi, da zarar ita ma ta lalace a wata ƙwaya sai tsiro, wato ƙari mai iya zama kansa, ya fito, yawanci a ƙaramin hanji. Amma in aka zuba masa sinadarin DSS a ruwan sha hanjin ya kumbura, sai tsiron su yi yawa a babban hanji, saboda kumburi yana ta ji wa bangon ciwo, ƙwayoyi suna ta rabuwa don su gyara, a nan kuskure a ƙwayoyin gado ke ƙaruwa. Mu ma mutane APC ɗin nan ce ke lalacewa a mafi yawan kansar babban hanji.

Tambaya: Shekarata 9 da ulcerative colitis, wato kumburin babban hanji mai sa gyambo, yanzu na samu sauƙi, zan iya daina maganin?

Amsa: Hajiya don Allah kar ki daina sai likitanki ya ce. Kumburin kan ci gaba a ɓoye ko ba kya jin komai, kuma daɗewarsa ne ke ƙara hatsarin kansa. Daga shekara 8 ake fara leƙa hanji da kyamara lokaci-lokaci, kin ga lokacinki ya yi.

Tambaya: Ina ganin jini a bayan gida, an ce basir ne ina shan jiƙo. Kansar hanji ce ajalin mahaifina.

Amsa: Allah ya jiƙan baba. Malam gaskiya mu komai sai mu ce basir ne, shi ya sa ake zuwa asibiti a makare. Wataƙila basir ɗin ne, amma ga jini ga tarihin mahaifi, ajiye jiƙon nan ka ga likita cikin satin nan, ka faɗa masa shekarun baba lokacin da aka gano cutar, su ma 'yan uwanka ka sanar da su.